Shin Hausa ce ke ɓata wa yaranmu Turanci, ko kuwa da ita za a gyara shi?

Malamar Turanci, Zariya:
Assalamu alaikum, iyayena da abokan aikina na wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke koyar da nahawun Turanci a sakandare. Duk wanda ya saba duba insha'in ɗalibanmu ya san cewa kurakuransu a wurare huɗu suke taruwa, wato wakilin suna, da aikatau na shuɗaɗɗen lokaci, da bayanau, da kuma ƙananan kalmomin nan irin su in, on, at da for. Yaro zai rubuta "My father he travelled", wani ya rubuta "I went Kano yesterday", wata kuma ta rubuta "The boy that I gave him the book has gone". Idan aka dubi jimlolin nan da idon Bahaushe, za a ga kowace ɗaya ingantacciyar jimlar Hausa ce aka ɗora wa kalmomin Turanci: Babana ya yi tafiya, na je Kano jiya, yaron da na ba shi littafin ya tafi. Yaron bai yi shirme ba, dokar harshensa ya bi a inda ba ta da hurumi. Saboda haka ra'ayina shi ne a riƙa buɗe wa ɗalibi wannan bambanci ƙarara a cikin aji, da Hausa in ta kama, maimakon dokar da makarantu da yawa suka kafa ta hana magana da Hausa har da cin tara. Ina neman ra'ayin manya.

Tsohon Hedimasta, Katsina:
Wa alaikumus salam. 'Yata, na karanta bayaninki, kuma na yaba da lurarki, amma ban goyi bayan maganin da kika kawo ba. Yaron da aka saba masa da kwatanta kowace jimla da Hausa zai girma yana tunani da Hausa yana fassarawa, alhali fassarar nan ita ce ainihin cutar da kika zayyana. A zamaninmu shifta ake yi mana kullum, a sa mu karatu da ƙarfi, a kuma sa mu haddar aikatau masu karya doka har sai sun zauna a harshe. Wace Hausa ce za ta bayyana wa yaro dalilin da ya sa go take komawa went, ko teach ta koma taught, alhali reach da ta yi kama da ita reached take zama? Irin waɗannan aikatau sun kai wajen 200, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda aka fi amfani da su kullum. Akwai ma waɗanda ba sa motsi ko kaɗan, kamar put, cut, cost, burst da cast, amma duk lokacin zaɓe sai ka ji manyan mutane masu digiri suna cewa "votes casted" a gaban makirufo. Wannan ba laifin Hausa ba ne, ƙarancin karatu ne.

Malamar Turanci, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Batun hadda ba ni da ja a kansa, domin went ba ta da wani dalili da ɗalibi zai hango, asalinta ma daga wani tsohon aikatau ne daban, wato wend, Turawa suka aro ta suka liƙa wa go. Abin da nake tambaya shi ne, me ya sa yaron da ya haddace go, went, gone tsaf, ya rera su kamar karatun allo, sai ya zo insha'i ya rubuta "Yesterday he go to the farm", ko kuma "Did you went?" Amsar tana cikin ginin harsunan biyu. A Hausa lokaci ba a jikin aikatau yake ba, yana jikin ɗan lamirin da ke gabansa ne. Muna cewa na tafi, zan tafi, nakan tafi, kalmar tafi tana nan daram, abin da ke gabanta ne yake sauyawa. Kunnen Bahaushe ya saba neman lokaci kafin aikatau, Turanci kuwa a wutsiyar aikatau yake rataye shi, ko ya sauya masa ciki gaba ɗaya. Da zarar yaro ya rubuta yesterday da he, a ransa ya gama faɗin lokaci, don haka bai ga amfanin taɓa go ba.

Abin sha'awa kuma shi ne, a wajen tambaya da korewa Turanci yana komawa tsarin da ya yi kama da namu. Kalmar did ita ke ɗauke lokacin, aikatau ya koma yadda yake tun asali: did you go, I did not see, she did not come. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa did tana yin aikin da lamiran nan na, ya da ta suke yi a Hausa, kuma kamar yadda ba a taɓa tafi bayan na, haka ba a taɓa go bayan did. Na ga wannan bayani ya shiga kan yaran da jan biro na zango guda bai gyara ba.

Mai Fassara, Kaduna:
Ina tare da Malama, kuma zan ƙara da abin da nake karo da shi a aikin fassara. Jimlar "na ci abinci" guda ɗaya ce a Hausa, amma a Turanci gida biyu take rabuwa, I ate da kuma I have eaten, kuma zaɓin ba na son rai ba ne. Idan aka ambaci lokacin da ya wuce ya rufe, kamar yesterday, last week ko in 2015, dole ne a yi amfani da siga ta farko. Shi ya sa "I have seen him yesterday" kuskure ne, duk da cewa a kunnen da ya saba da "na gan shi jiya" babu abin da ya yi karo. Siga ta biyu kuwa ta abin da tasirinsa ke nan har yanzu ce, kuma ita ce ke tafiya da already, yet, just da ever. Wanda ya ce "ban ci ba tukuna", I have not eaten yet yake nufi.

Sannan akwai aikatau da muke faɗi da sigar shuɗaɗɗen lokaci alhali yanzu muke nufi, irin su na sani, na gane, na gaji, na ƙoshi. Ɗalibin da aka koya masa cewa kalmar na daidai take da past tense zai amsa wa malami da "I understood, sir" a inda ake son I understand. Ta ɗaya ɓangaren kuma ina da mota ta haifi "I am having a car", ina jin ka ta haifi "I am hearing you", nakan je kuma ta haifi "I use to go", alhali used to a Turanci ta abin da aka saba yi a da ce aka daina, al'adar yanzu kuwa I usually go ake cewa. Na ƙarshe shi ne lamirin nan namu na an, wanda Turanci ba shi da kwatankwacinsa kai tsaye. An sace mini waya takan fito "They stole my phone", Bature kuwa sai ya tambaya, su wa? Abin da zai ce shi ne my phone was stolen. Ban ga yadda za a warware wa yaro waɗannan ba tare da an ɗora jimlolin biyu a allo gefe da gefe ba.

Ɗan Maraɗi:
Gafara dai malamai, mu nan Nijar namu ya ninka naku, domin kafin mu isa ga Turanci sai mun ratsa ta Faransanci. Kuskuren da Malam Mai Fassara ya ambata na "I have seen him yesterday", a wurinmu harsuna biyu ne suke tura yaro cikinsa, saboda Faransanci ma yawanci da avoir, wato have, yake gina shuɗaɗɗen lokacinsa na yau da kullum, kuma yana yarda a haɗa shi da jiya. Haka kuma kalmar Faransanci depuis guda ɗaya tana aikin since da for, kamar yadda kalmar tun take neman yi a Hausa, don haka ɗalibinmu zai rubuta "I am here since two years" cikin natsuwa. Dokar kuwa ita ce since tana bin mafarin lokaci, kamar since Monday ko since 2020, for kuma tana bin tsawonsa, kamar for two years, sannan aikatau ya zama I have been. Malaman Turanci a nan ba sa jin nauyin kwatanta shi da Faransanci a cikin aji, ban san dalilin da zai sa a ji nauyin kwatanta shi da Hausa ba.

Ɗalibin Jami'a, Kano:
Ina neman afuwar iyayena, amma ina ganin akwai tambayar da aka tsallake. Wa ya yanke cewa duk waɗannan kurakurai ne? A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, a cikinsu har da Kannywood, da next tomorrow da muke nufin jibi da ita, da kuma severally da ma'anar sau da yawa. Biyun ƙarshen nan bayanau ne da malamai suka shekara suna ja wa jan layi. Idan Amurkawa sun rubuta traveled da l ɗaya, mutanen Ingila suka rubuta travelled da biyu, kuma ba a ce wani ya yi kuskure ba, me ya hana mu tsaya a kan namu?

Mai Duba Jarrabawa, Bauchi:
Ɗana, tambayarka tana da ma'ana a zauren masana harshe, amma ɗalibin da ke gabanmu kiredit yake nema a WAEC ko NECO, wanda in babu shi ƙofar jami'a a rufe take. Shigar kalma ƙamus shaida ce cewa ana faɗinta a wani wuri, ba izini ba ne a rubuta ta a takardar neman aiki. A insha'in WAEC ana son kalmomi kimanin 450, makinsa 50 ne, kuma 10 daga ciki na kiyaye ƙa'idojin rubutu da nahawu ne, inda kowane kuskure yake cin rabin maki. Ka lissafa da kanka, kurakurai 20 sun share wannan kaso kaf, kuma yaron da ya fara labari da shuɗaɗɗen lokaci sannan ya zame ya koma na yanzu yana iya ƙarar da su kafin ya kai tsakiyar shafi. Ita kuma severally, tsohuwar ma'anarta ita ce kowa daban daban, kuma har yanzu da wannan ma'ana lauyoyi ke amfani da ita. Wanda ya rubuta several times bai yi asarar komai ba.

Tunda an taɓo bayanau, bari in faɗi inda na fi ganin ana faɗuwa. Yara sun riƙe cewa ƙara ly shi ne dokar, sai su ƙirƙiro fastly, alhali fast ba ta sauyawa. Mafi muni ita ce hardly. Ɗalibi yana son yabon mahaifinsa sai ya rubuta "My father works hardly", bai san ya ce mahaifin nasa da ƙyar yake taɓa aiki ba, domin works hard ita ce aiki tuƙuru. Haka late take nufin a makare, lately kuma kwanan nan. Friendly da lovely kuwa, duk da wutsiyarsu, sifa ce ba bayanau ba. Sai kuma mazauni: bayanau ba ya shiga tsakanin aikatau da karɓau, don haka ba a cewa "I like very much tea", kuma always, often da never gaban aikatau suke zuwa amma bayan is da are, wato he always comes late, he is always late. Too ma tana yaudarar yara, su rubuta "The food is too sweet" da nufin yabo, alhali too tana nuna an wuce kima har abin ya zama aibi.

Game da wutsiyar ed ta shuɗaɗɗen lokaci kuwa, ina da abin da zan ƙara wa Malama. Ba nahawu kaɗai ne ke jefar da ita ba, har da furuci. Hausa ba ta tara baƙaƙe a ƙarshen kalma, shi kuwa walked da sautin kt yake ƙarewa, asked ma da uku a jere. Yaro ya faɗe ta walk, kunnensa ya ji walk, hannunsa ya rubuta walk. Wutsiyar nan furuci uku gare ta, t a stopped, d a played, id a wanted, kuma ana tambayarsu a takardar gwajin furuci. A nan dai shiftar Baba Hedimasta ce magani.

Malamin Islamiyya, Gusau:
Ni ba malamin Turanci ba ne, amma ina da abin cewa ga Baba Hedimasta, Allah ya ja kwana. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana karantar da nahawun Larabci a zaurukan ƙasar Hausa, daga Ajurumiyya har Alfiyyar Ibn Malik, kuma da Hausa ake fassara wa ɗalibi kalma bayan kalma, amma hakan bai hana an sami malaman da suka yi wallafa da waƙe da Larabci tsantsa ba. Fassara ba ta hana ƙwarewa idan an haɗa ta da yawan karatu. Ƙananan kalmomin da Malama ta ambata kuwa su ne muke kira harufan jarri, kuma abin da muka koya game da su shi ne ba a haddace harafi shi kaɗai, tare da fi'ilinsa ake riƙe shi. A Larabci, fi'ilin ragiba idan ya zo da harafin fi yana nufin ya so abu, idan ya zo da harafin an kuma ya ƙi shi. Na lura Turanci ma haka yake, tunda look at kallo ne, look for nema, look after kuma kulawa.

Malamar Turanci, Zariya:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ya fi wuya. Harafinmu na a shi kaɗai yake ɗaukar abin da Turanci ya raba wa in, on da at. Muna cewa a Kano, a ranar Juma'a, a bakin ƙofa, su kuwa in Kano, on Friday, at the door. Wajen lokaci akwai tsarin da yake taimakawa, domin at ta ƙarfe ce, on ta rana da kwanan wata, in kuma ta wata da shekara: at two o'clock, on 1st October, in June, in 1960. Amma ko nan sai an yi hattara, tunda da safe in the morning ce, da dare kuma at night, safiyar Juma'a kuma on Friday morning. Ita ma kalmar da tana jawo nata, saboda ya yi aure da ita ke haifar da "married with", alhali married to ake cewa. Aikatau na tafiya kuma ba sa neman harafi a Hausa, shi ya sa to take ɓacewa a "I went Kano". Sai yaro ya gyara wannan, ya wuce gona da iri ya rubuta "go to home" da "go to abroad", inda su kuma ba a sa ta.

Akwai kuma rukunin da ake cusa harafi inda ba a buƙata, kamar "discuss about", "emphasise on", "comprise of", "request for" idan aikatau ce, da "enter inside". Na ƙarshen daga shiga cikin ya fito, na farkon ma ana iya danganta shi da tattauna a kan, amma gaskiya waɗannan ana jin su a Legas da Inugu kamar yadda ake jin su a Kano, don haka ba zan ɗora wa Hausa su duka ba. Haka "reply my letter" da "congratulate for", waɗanda daidansu reply to da congratulate on ne.

Tsohon Hedimasta, Katsina:
To, 'yata, kin kawo kanki inda nake. Wane kwatance ne zai gaya wa yaro cewa good at ake cewa, afraid of, accused of amma charged with, on the bus amma in the car, on foot amma by road? Babu. Wanda ya karanta littattafai ashirin zai ji "good in football" ta soke masa kunne ko da bai san sunan dokar ba. Malamin Islamiyya ya faɗi sharaɗin da kansa, wato idan an haɗa da yawan karatu, kuma tsorona shi ne malamin da bai ƙware ba zai fake da kwatance ya cinye darasin duka da Hausa, yaran su fita aji ba su furta jimla biyar ta Turanci ba. Na yarda a yi bayanin did da have da Hausa na ɗan lokaci, amma a koma Turanci nan take.

Uwar Ɗalibai, Jos:
Malamai, ina biye da ku tun farko, kuma ina da tambaya a kan wakilin suna, wanda aka ambata a sama amma ba a zauna a kansa ba. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, kuma na ga an ja mata layi a "Me and my sister went to the market" da kuma "The two friends love themselves". Na kasa yi mata bayanin laifinsu, domin haka nake jin kowa yana faɗi.

Mai Fassara, Kaduna:
Hajiya, ta farkon daga ni da ƙanwata ta fito, domin mu da kanmu muke farawa, Turancin rubutu kuwa yana sa mai magana a ƙarshe. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ta cire ɗaya mutumin ta ga abin da ya rage. Ba za ta ce "Me went" ba, I went za ta ce, saboda haka my sister and I went ne daidai. Amma kada ta ɗauka and I ce daidai ko'ina, domin bayan aikatau ko harafi me ce ke dawowa, kamar he called my sister and me, da kuma between you and me, wadda masu son burgewa suke lalatawa da "between you and I".

Ta biyun kuwa Hausa ce za ta fitar da ita cikin sauƙi. Ki tambaye ta, suna son kansu take nufi ko suna son juna? Kansu ita ce themselves, juna kuma each other, kuma babu Bahaushen da zai rikita su a harshensa. Haka ma he da she ba su cika ba yaranmu wahala ba, tunda muna da shi da ita, saɓanin Yarbanci da Ibo da lamirinsu bai bambanta namiji da mace ba. Inda za ki sa mata ido shi ne it, saboda a Hausa kowane abu ko namiji ne ko mace, don haka mota ta lalace takan ja hannun yaro zuwa she, littafi ya ɓata kuma zuwa he. Sai kuma "you people" da ake faɗi don cike gurbin ku: a kunnen Bature tana da ɗan kaushi, kamar ana nuna mutane da yatsa, don haka a wasiƙa ta rubuta you kawai, ko all of you idan tana son a gane jam'i take nufi.

Uwar Ɗalibai, Jos:
Na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Na gwada ta da kansu da juna yanzun nan, kuma ta gyara jimlar da kanta. Saura its da it's, waɗanda na ga an zagaye mata har sau uku a shafi ɗaya.

Mai Duba Jarrabawa, Bauchi:
Hajiya, it's mai ɗigon waƙafi a sama gajarta it is ce ko it has, its marar waƙafi kuma mallaka ce, kamar his da her. Ta riƙa karanta jimlar da it is a wurin, idan ma'ana ta tsaya to mai waƙafin ce, idan ta rushe kamar a "the dog wagged it is tail" to marar waƙafin ake so. A wasiƙar hukuma da muƙala kuwa ta guji gajartawar gaba ɗaya, ta rubuta it is a cike.